Jagoran Dutse: Mai Kai Mutane Sama, Ya Dawo Da Su Gida

Jidda gari ne shimfiɗaɗɗe. Daga bakin Bahar Maliya har ka kai babban titin Haramain ba za ka ci karo da tudun da zai sa ka haki ba. Unguwar Ammariyya, wadda ke jingine da tsohon gari, inda maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u take, ta isa shaida: shaguna ne da lunguna da motoci, sai gumin da iskar teku ke liƙa wa mutum tun daga Mayu har Oktoba. Yaro zai iya tashi a nan har ya yi gemu bai taɓa ɗora ƙafa a kan dutse ba. Alhali duwatsun suna nan gabas da gari, ana hango duhunsu da safe idan ƙura ta kwanta. Su ne bakin jerin duwatsun Hijaz, masu tashi daga filin Tihama har su kai Ɗa'ifa, garin da ya ɗara fuskar teku da fiye da mita 1,800.

A 'yan shekarun nan, da zarar sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Maris, za ka ga motoci suna barin gari bayan sallar Juma'a ko da asubahin Asabar, cike da abokai, kowa da jakarsa a baya da gorar ruwa. Akwai Larabawa, akwai 'yan Indiya da Filifin da Turawa masu aiki a kamfanoni, akwai kuma 'ya'yan Hausawa, jikokin mutanen da suka tako ƙasa ta Chadi da Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin. Rusau ɗin da aka yi daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 a unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil da Hindawiyya ya warwatsa maƙwabtan da suka tashi tare, har ta kai wasu ba sa haɗuwa sai an shirya irin wannan fita. A gaban kowane ayari mai hankali kuwa akwai mutum guda wanda bai zo shan iska ba. Aiki ya zo. Shi ne jagoran dutse, kuma a ganina ba a ba sana'arsa girman da ta cancanta ba.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Lokacin da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, zai yi hijira a shekarar 622 ta Miladiyya, shi da Sayyidina Abubakar sun ɗauki hayar wani gwanin hanya daga ƙabilar Banu Dil, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. A lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa. Duk da haka suka damƙa masa raƙuma biyu, suka yi alkawarin haɗuwa da shi a Dutsen Sauru bayan kwana uku. Ya zo a kan lokaci, ya kauce wa hanyar da kowa ya sani, ya bi da su ta gefen teku har suka isa. An sa lada mai tsoka ga duk wanda ya kamo su, kuma mutumin nan ya san inda suke, amma bai sayar da su ba. Duk abin da ake nema ga jagora yana cikin wannan labari: ya san ƙasa, ya cika alkawari, ya riƙe amanar ran da aka ba shi.

Mu ma a ƙasar Hausa mun san wannan matsayi. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro yana da madugu, wanda shi ne uban tafiya, yana kuma da jagaba, mai wucewa gaba ya duba mashigin kogi, ya san inda ruwan sha yake, ya san zangon da za a sauka kafin duhu. Mota da jirgi sun kashe wannan aiki, amma dutse bai san mota ba. Inda taya ta tsaya, dole a koma ga mutumin da ƙafarsa ta san wurin.

Yawancin aikin jagora ana gama shi ne kafin ranar fita, ba kuma wanda yake gani. Jagoran kirki ba ya kai mutane inda bai taka da kansa ba, kuma ba takawar bara ba. Ruwan sama guda yakan mirgino da dutse ya toshe mashiga, ko ya zaftare gefen da ake bi. Saboda haka cikin mako zai je shi kaɗai ko da abokin aikinsa, ya bi hanyar daga farko har ƙarshe, ya lura da awa nawa ta ci, ya ƙara wani abu a kai domin ayari ba ya tafiyar mutum ɗaya. Zai san inda inuwa take da ƙarfe tara da inda take da sha ɗaya. Zai san daidai inda sabis ɗin waya yake yankewa, da wane tudu za a hau a same shi idan an shiga uku. Zai nemi hanyar sauka ta biyu, wadda za a bi da wanda ya gaza. Idan wurin yana da masu shi, kamar yadda yake a tsaunukan Huzail tsakanin Makka da Ɗa'ifa ko na Banu Sufyan a Shafa, zai je ya gaishe su, ya tambayi inda gonaki da amya da iyali suke domin a kauce musu. Wanda ya tsallake wannan gaisuwa ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma rufe wa na bayansa.

Daga nan sai tantance masu zuwa. A nan ne ake gane wanda kuɗi ya rufe wa ido. Mai tsoron Allah zai tambayi kowa tun a waya: shekarunka nawa, kana da hawan jini ko ciwon sukari ko asma, ka taɓa hawa, gwiwarka lafiya? Mutanenmu ba sa son irin wannan tambaya. Da yawa suna ganin faɗin ciwo kamar tona asiri ne, sai su ce lafiya lau, sai an yi nisa a ga mutum ya dafe ƙirji. Shi ya sa tsohon hannu ba ya dogara da amsar baki. A gindin dutse, kafin a ɗaga, zai bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙafa yake fara dubawa.

"Alhaji, wannan silifas ɗin ba zai kai ka ba."

"Haba ɗana, da shi na yi Safa da Marwa."

"Can daɓe ne mai santsi da sanyi, Baba. Nan tsakuwa ce mai gudu a ƙarƙashin ƙafa. Akwai takalmi a mota, a gwada maka."

Takalmi mai kaurin ƙasa da ke kama dutse shi ne kayan aiki na farko. Sabo fil ma ba a so, domin kafin a kai rabi ya tayar wa mutum da bororo. Sauran kayan suna cikin jakar jagora, wadda kullum ta fi ta kowa nauyi: ruwa fiye da bukatarsa, garin gishiri da sukari na haɗawa, dabino, bandeji da abin ɗaure targaɗe, igiya, tocila, usur, wayar oba-oba, batirin caji, da taswirar da ya sauke a waya tun yana gida. Sai ledar kwashe shara, wadda ake hawa da ita wayam a sauko da ita cike.

Zai ƙirga mutane kafin a tashi, ya ƙirga a kowane hutu, ya ƙirga a sama, ya ƙirga a bakin mota. Ba ya tafiya shi kaɗai da ayari mai yawa. Yana gaba, mataimakinsa yana can ƙarshe, kuma doka ita ce kada kowa ya wuce na gaba, kada kowa ya zauna a bayan na baya. Aikin na baya ya fi wuya, kuma da shi ake fara koyon sana'ar. Shi ke tare da mai haki, da wadda ta ji tsoron gangara ta ƙame, da wanda ya tsaya ɗaukar hoto a kowane lungu. Dole ya iya lallashi ba tare da ya kunyata mutum a gaban abokansa ba. Saurin ayari kuwa ba na jagora ba ne, ba kuma na samarin da jininsu ke tafasa ba. Wanda ya fi kowa rauni shi ke yanke shi. Gwanin jagora yakan jawo irin wannan mutum ya sa shi daf da bayansa, ya ja shi da hira, sauran su bi a hankali ba tare da sun san dalili ba.

Babban abokin gaba a duwatsun Hijaz ba maciji ba ne, ko da yake akwai kububuwa da kunama a ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa ake hana cusa hannu a rami. Rana ce. Duk wanda ya ga aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukuma kuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba inuwa, ya san ranar wannan yanki ba abar wasa ba ce. A kan dutse abin ya fi muni, domin zafi biyu ne: na sama da wanda falalen dutse ke mayarwa. A wuraren da aman wuta ya bar baƙaƙen duwatsu, irin Harrat Rahat da ta miƙe daga kusa da Madina ta gangaro kudu, wadda ta yi amanta na ƙarshe a 1256, ƙasa takan yi zafin da za a ji shi ta cikin takalmi. Saboda haka ake tashi tun da duhu, a sauko kafin rana ta take. Ana so mutum ya sha aƙalla rabin lita a kowace awa, kaɗan-kaɗan.

"Ƙanena, sha ruwa."

"Yaya, ai ban ji ƙishi ba."

"Ba sai ka ji ba. In ka jira ƙishi, ka makara."

Jagora yana karanta fuska. Wanda ya yi shiru bayan yana ta surutu, wanda ya fara tuntuɓe a wuri mai kyau, wanda ya ce kansa na sara ko yana ganin jiri, wanda ya amsa tambaya da abin da ba a tambaye shi ba, duk alamu ne. Idan jiki ya yi zafi ƙau, hankali kuma ya fara gushewa, magana ta wuce ba da ruwa. Sai a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a kira 911, lambar gaggawa ta yankin Makka. Kuma dole jagora ya iya faɗa wa masu ceto daidai inda yake, da lambobin taswira, domin "muna bayan wani babban dutse" ba kwatance ba ne a ƙasar da ko'ina dutse ne.

Abokin gaba na biyu ya fi yaudara, domin yana zuwa ne ranar da gari ya yi daɗi. Kwarurrukan da ke tsakanin duwatsu busassu ne kusan duk shekara, ga rairayi mai laushi, ga inuwar ƙaya, ga tumfafiya da filasko kamar kana bayan gari a Katsina. Nan baƙo yake son ya shimfiɗa darduma ya ɗora shayi. Amma dutse ba ya shan ruwa. Idan hadari ya zuba a can sama, inda ba ka ma gani, duk ruwan kwari guda zai nufa, ya taho da itace da duwatsu, kai kuwa sama garau take a kanka. Mutanen Jidda ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwan da ya gangaro daga kwarurrukan gabas ya afka wa unguwanni irin su Ƙuwaiza, mutum fiye da 100 suka rasu. Jagoran da ya san aikinsa yana bin sanarwar hukumar yanayi har daren fita, yana kallon gabas yana tafiya, ba ya kuma yada zango a tsakiyar kwari ko da mutane za su yi fushi.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar sana'ar. Hawa kowa ma zai iya, in yana da ƙafa da numfashi. Abin da ake biyan jagora dominsa shi ne ya san lokacin juyawa, ya kuma iya faɗa. Tun kafin a tashi ya sa wa kansa lokaci: ƙarfe kaza, ko mun kai ko ba mu kai ba, za mu juya. Idan lokacin ya yi, ga ƙololuwa ana gani kamar a miƙa hannu, ga mutane sun biya kuɗi, sun yi tafiyar awa biyu a mota, sun riga sun faɗa wa abokai a WhatsApp cewa yau za su turo hoto daga sama.

"Malam, ga ta nan fa! Minti goma ne."

"Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Yallaɓai. Bayan wannan akwai wata. Ruwanmu ya yi rabi, Hajiya kuma gwiwarta ta fara. Mu juya."

Ba ƙaramin ƙarfin hali ake bukata ba kafin saurayi ya faɗi haka ga wanda ya haife shi, ko ga mai kuɗin da zai iya ɓata masa suna a intanet kafin a iso gari. Ya san wasu ba za su sake nemansa ba. Amma ya san abin da su ba su sani ba: sauka ta fi hawa haɗari. A sauka ne cinya ta riga ta mutu, gwiwa ke rawa, hankali ya koma kan abinci da mota, tsakuwa kuma ke zamewa. Yawancin targaɗe da karaya a nan suke faruwa. Ramin Wahba, mai nisan kusan kilomita 250 daga Ɗa'ifa, ya juya wannan lissafi ta hanya mafi muni. Faɗinsa ya kai kilomita 2, zurfinsa kimanin mita 250, gindinsa fari fat da gishiri, ya samu ne daga fashewar da ta auku lokacin da narkakken dutse ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A can sauka ake fara yi, da sauƙi, da sanyin safiya. Sai an gaji, rana ta ɗaga, ruwa ya ƙare, sannan hawa yake jira. Wanda bai san wurin ba ba ya gane ya shiga tarko sai ya ɗaga kai.

Ba tsoro kaɗai ke cikin aikin ba, kada in sa mai karatu ya ɗauka haka. Akwai daɗin da ba a samu a wata sana'a. Wanda ya bi tsohuwar hanyar raƙuma da ta tashi daga Kar ta hau Hada, wadda mutanen dauri suka shimfiɗa da duwatsu hawa-hawa domin ayarin da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, zai ji iska tana sauyawa a jikinsa yana tafiya. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Ka baro Jidda kana gumi, ka iso Hada ko Shafa hazo yana ratsa itatuwan ar'ar, kana neman rigar sanyi. Jagora nagari yana da labarin kowane abu: wannan katangar dutse ta gonar wardi ce, wanda ake tsinka a Maris da Afrilu a tatsi turare, wancan ramin na agwada ne, wannan magaryar ita ƙudan zuma ke bi. Yana hana a ba bika abinci, domin birran hanyar Hada sun saba da hannun mutane har sun koyi fizge. Yana hana a sari itace a hura wuta, domin doka ta hana kuma akwai tara, ban da cewa itacen da ya yi shekaru yana neman ruwa a tsagin dutse bai cancanci ya ƙare a tukunyar shayi ba.

Akwai kuma ilimin da ya keɓanta da wannan yanki, wanda jagoran wata ƙasa ba ya bukata. Dole ya san iyakar Harami, inda ba a tsinke tsiro ba a korar dabba. Idan akwai wanda ba Musulmi ba a ayari, dole ya san hanyar da ke kewaye Makka. Idan wani ya ce in an sauko daga Hada zai wuce ya yi Umara, sai a tsaya masa a Wadi Muhrim ya ɗauki harami. Lokacin salla ma aikinsa ne. Bahaushe ya saba fuskantar gabas tun daga gida, a Jidda ma haka yake yi, amma a saman Hada Ka'aba tana yamma da shi, kuma na sha ganin dattijo ya tsaya yana jayayya kafin ya yarda ya juya.

Inda na fi jin rashin jagora shi ne a duwatsu biyu da alhazanmu suka fi so, Jabalun Nur mai Kogon Hira da Dutsen Sauru. Na farkon tsayinsa kimanin mita 640 ne, na biyun ya fi shi tsawo da wahala. Malamai da hukuma suna nanatawa cewa hawansu ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Amma ƙauna ba ta jin wannan, kuma ban ga laifin wanda zuciyarsa ke son ganin inda aka fara saukar da wahayi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuwa: tsohuwa mai ciwon ƙafa, da silifas, da ƙaramar gora ɗaya, bayan rana ta fito, a bayan wani wanda abin da ya sani kawai shi ne inda mota ke tsayawa. Na taɓa ganin irin wannan mai rakiya ya karɓi kuɗin mutane, ya nuna musu matakala da yatsa, ya koma mota ya kunna sanyi. Wannan dillali ne, ba jagora ba. Da mai sana'a ne, da ya ce wa wasu su tsaya a ƙasa su yi addu'arsu, ya hau da masu iko tun kafin asuba.

Yaya ake zama jagora? Har yanzu hanyar farko ita ce bin wani. Ka yi shekara kana ɗaukar jakar ruwa, ka yi wata kana tsaron baya, kana kallon yadda maigidanka ke sa ƙafa da yadda yake magana da mutane. Wasu sun koyi ƙasa daga makiyayan tsauni, waɗanda ke duban sawu su faɗa maka ko akuya ce ko kura, da ko yau ta wuce ko jiya. Ƙabilar Murra ta yi suna a bin sawu har hukuma takan nemi taimakonsu. Amma yanzu an ƙara da takarda. Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a Satumbar 2019, ta kuma kafa ma'aikata ta musamman a 2020, jagorancin baƙi kuwa aiki ne da ake yi da lasisi, akwai kuma hukumar wasan hawan dutse da ke horarwa. Ana son mutum ya iya taimakon gaggawa, ya iya karanta taswira. Lasisin na 'yan ƙasa ne, don haka ƙofa a buɗe take ga Hausawan da ke da takardar ƙasa, waɗanda ga Larabci ga Hausa a bakinsu, wasu har da Turanci. Ban san wanda ya fi su dacewa da dubban alhazai da masu Umara da ke zuwa daga Najeriya da Nijar da Gana ba. Mata ma sun shigo. Raha Muharrak, 'yar Jidda, ta hau Everest a Mayun 2013, mace ta farko daga Saudiyya da ta yi haka, kuma yau akwai ayarin mata zalla da mace ke ja, abin da ya sa iyaye da mazaje da yawa suka saki jiki.

Ta fuskar samu, sana'a ce ta lokaci. Ana biya ne a kan kowane kai, daga ciki a fitar da kuɗin mota da ruwa da abinci da hakkin mataimaki. Watannin sanyi ne kakarta. Idan zafi ya shigo, sai dai a gudu can sama wajen Shafa, ko a rataye jaka. Ranar da aka soke fita saboda hadari, asara ce a wuyan jagora. Shi ya sa mafi yawansu suna da wani aikin a cikin mako. Ga kuma kishiya ta zamani: taswirar waya, wadda ke sa mutum ya ga layi a allo ya ɗauka ya san hanya. Layin yana da amfani, jagororin ma suna aiki da shi. Amma bai san cewa dutsen da aka taka bara ya tsage ba, ba zai dubi idon abokinka ya ce a zaunar da shi ba, idan batir ya mutu kuma shi ke nan.

Duk lokacin da na ga yadda wannan sana'a ke tsayawa da ƙafarta a nan, sai hankalina ya koma gida. Muna da Dala da Gwauron Dutse a tsakiyar Kano, Dala da aka narka tama a gindinta tun ƙarni na 7. Muna da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, da Kwatarkwashi a Zamfara, da duwatsun Birnin Kudu irin su Habude da Mesa, masu zanen shanu na mutanen da, da duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa idan an buga. A Nijar ga Dogondutsi, ga duwatsun Birnin Damagaram. Wasu wuraren rashin tsaro ya rufe su a yanzu, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba mai hankalin da zai kai mutane can. Amma da yawa lafiya lau suke, kuma samari sun fara fita hawa a ƙungiyance. Wa ke ja musu gaba? Galibi yaran unguwa ne da ke bin baƙo a ba su na goro, kowa da irin labarin Barbushe da ya ji. Masu ainihin sanin duwatsun, wato mafarauta da makiyaya da masu ɗibar zuma, suna tsufa ba wanda ya zauna ya koya daga gare su.

A Tanzaniya ba a barin kowa ya hau Kilimanjaro sai da jagora mai lasisi, kuma dubban gidaje ne ke ci daga wannan doka. A garin Shamoni na Faransa ƙungiyar jagororin dutse tana nan tun 1821. Ba sai mun kai can ba kafin mu fara. Cibiyar koyar da harkar baƙi da yawon buɗe ido ta ƙasa tana da reshe a Bagauda, jihohi suna da hukumomin tarihi da al'adu, masarautu kuma sun san dattawan da ke riƙe da labarin kowane dutse. A haɗa saurayi da tsohon maharbi na wata shida, a koya masa taimakon gaggawa, a ba shi tarihin da aka tantance, a ba shi shaida, a sa masa farashin da zai riƙe gida. Wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Kai kuma mai karatu, ko a Jidda kake ko a Zariya, idan abokai suka ce a fita dutse, ka tambaya wa zai ja gaba, yaushe rabonsa da hanyar, kuma ƙarfe nawa ya sa za a juya. Idan ba shi da amsar ta ƙarshen, kada ka bi shi. Idan yana da ita, ka biya shi hakkinsa ba tare da ciniki mai yawa ba, kuma ranar da ya ce a koma, ka koma.